In ka je gari ka ga kowa da jela

Uwar Biyu: Jama'a, a raba ni da ɗana. Yana karatu a Lids, na yi masa faɗa don bai san ko sunan maƙwabcinsa ba, sai ya ce min wai Turawan Ingila ba sa son doguwar gaisuwa, kuma Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Haka ake amfani da maganar?

Na Tasha: Hajiya, yaron bai yi ƙarya ba. Bature ya tambaye ka lafiya, kafin ka buɗe baki ya sha kwana. Ka taka masa ƙafa a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, shi zai riga ka ba da haƙuri. A matakalar lantarki dama ake tsayawa, hagu na masu sauri ne. Ka tare hanya ba mai zaginka, harara kawai za ka sha. Hira kuwa ba ta wuce ruwan sama da sanyi.

Malamin Hausa: Na Tasha, ka kawo jelar, ka bar tsumman. Magabata ba su ce ka tsiro da wutsiya ba. Tsumma ɗaura shi ake yi, a kwance in an shiga gida. Maganar ta shafi abin da in ka ƙi yi za ka ɓata wa masu gari, kamar layi. A Satumbar 2022, da aka ajiye gawar Sarauniya Elizabeth a zauren Westminster, layin masu ban kwana ya bi gaɓar kogin Thames, har aka yi gargaɗin jira zai iya kai awa 24. David Beckham da duk sunansa ya tsaya kusan awa 12. Garin da ake haka, wanda ya yi tsallaken layi ya kunyata danginsa. Amma sallama ga maƙwabci wa ta cutar?

Gwaggo Mai Ƙosai: Ni dai maganar nan ba ta kwanta min ba. Da ita ake fakewa a bi yarima a sha kiɗa. Yau gaisuwa, gobe a ce kowa na mashaya ran Juma'a da yamma. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Na Tasha: Gwaggo, ki bar batun mashaya, ki ji ta famfo. Tsofaffin gidajensu kai biyu ne, ɗaya tafasasshe, ɗaya kamar ƙanƙara, don da can ruwan zafin daga tankin saman rufi yake, ba a yarda ya gauraya da na sha ba. Alwalar asuba a Janairu sai ka nemi buta ka sirka. Wane tsumma za a ɗaura a nan?

Malamin Hausa: Kuma Hajiya, Lids fa ba Landan ba ce. Yankin Yokshiya ne, inda ake yi wa direban bas godiya in za a sauka, mai shago ta ja ka da hira ba ta san ka ba. In jelar garin yake nema, ita ke nan.

Uwar Biyu: Ashe ɗan nema ƙiwa ce ke damunsa. Akwai mai tafiya mako mai zuwa, zan ba shi kilishi, in ga ko zai ƙwanƙwasa ƙofar ko shi kaɗai zai cinye.

Na Tasha: A tambaya tukun, Hajiya. Kwastan ɗinsu ba sa barin nama daga nan ya shiga.