Turanci zan gyara ko Japananci zan fara? Waɗanda suka taɓa yi ku taimaka

Auwal Mai Sola: Assalamu alaikum. Na yi digiri a fannin lantarki, na gama bautar ƙasa, yanzu ina haɗa sola a Kano. Ina son neman tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinsu na Abuja wajen Afrilu zuwa Mayu. Saura wata biyar ke nan. Naira dubu 400 na tara, kuma sai bayan isha'i nake samun lokaci. Turancina na takarda ne, in aka ce yi magana sai harshe ya sarƙe. Japananci kuwa hiragana kaɗai na haddace, wato baƙaƙensu na farko. Kuɗin nan a darasin wanne zan zuba? Don Allah ba maganar Ingila nake ba.

Abu Khalifa: Wa alaikumus salam. Ka rubuta IELTS, jarrabawar Turanci, ka tafi Ingila kawai. Dubu 80 da 'yan kai na biya na wuce wurin.

Ummu Sultan: Dubu 80 a wace shekara, Alhaji? Ƙanena ya yi kwanan nan, saura kaɗan ya cika dubu 300, ban da kuɗin darasi. Shekara 2 kuma takardar ta mutu.

Abu Khalifa: To ai jami'o'i da yawa a can suna karɓar C6 na WAEC.

Auwal Mai Sola: Yallaɓai, na ce ba Ingila ba.

Ɗan Birni a Saitama: Ƙanena, zauna ka ji. Ni ma da irin wannan zumuɗin na fara. Wani ejan ya ce mini in dai ina jin Turanci zan rayu a Japan, Japanancin kuma a wata shida zan sha shi kamar koko. Na sayar da filin gadona, na biya makarantar koyon harshe yen dubu 780 na shekara ɗaya, ban da nasa kason. Ran da na je ofishin ƙaramar hukuma yin rajistar adireshi na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa. Aka miƙo takarda, ko inda zan sa sunana ban gane ba. Bizar ɗalibi awa 28 a mako ta yarda ka yi aiki, ka wuce haka kuwa ka jawo wa kanka ranar sabunta biza. Na samu aikin dare a kamfanin da ke zuba abinci a robobi, in tashi da asuba, ƙarfe 9 ina aji ina gyangyaɗi a kan kanji, rubutun da suka aro daga Sin. Kai da ka haddace hiragana 46 kana murna, akwai wasu baƙaƙen, katakana 46, a gaba, sannan kanji 2,136 na amfanin yau da kullum, yawancinsu da karatu biyu ko fiye. A jarrabawar Japananci na ci matakin N3, na faɗi N2 da ke sama da shi sau biyu, jarrabawar kuma Yuli da Disamba kawai ake yi, in ka faɗi sai ka jira. Kamfanonin da na nema duk N2 suke tambaya. Shekara 2 ta cika, makarantar harshe ba ta wuce haka, sai na ci bashi na shiga ta koyon sana'a don kada bizata ta mutu. Har yau ban mayar da filin ba, mahaifiyata kuma ta ɗauka ina nan ina kwasar kuɗi.

Ummu Sultan: Innalillahi. Allah ya kawo mafita. Ejan ɗin fa?

Ɗan Birni a Saitama: Ya canza lamba. A 2025 ma na ji ya dawo da sabon salo, lokacin da aka yaɗa cewa an ba 'yan Najeriya garin Kisarazu da biza ta musamman. Japan ta ƙaryata maganar bizar, JICA, hukumarsu ta tallafa wa ƙasashen waje, ma ta soke shirin gaba ɗaya a Satumbar 2025, amma kafin nan wasu sun riga sun tura kuɗin fom.

Baban Zee: Yen dubu 780 ya yi yawa. Abokina a Fukuoka bai kai haka ba.

Ɗan Birni a Saitama: Abokinka. Kai ka taɓa taka filin jirgin Narita?

Dakta Hauwa: Malam, na tausaya maka, amma hanyarka daban, tasa daban. Shi tallafin gwamnati yake nema, ba makarantar kuɗi ba. Ni ta MEXT na je, na yi digiri na biyu da na uku a Kyushu. Ba a biyan kuɗin makaranta, ana ba da tikitin jirgi, alawus kuma yen dubu 143 zuwa 145 a wata gwargwadon matakinka. A shekarar da na nema an ba mu takardar jarrabawar Turanci da ta Japananci. Ta Japanancin shafin farko kawai na iya taɓawa, kuma na samu. Abin da ya fitar da ni shi ne tsarin binciken da na rubuta da yadda na kare shi a intabiyu, sai wasiƙun da na yi ta aika wa farfesoshi har ɗaya ya karɓe ni. Duk da Turanci. Da na isa aka ba ni wata shida na Japananci kyauta. Auwal, ka samu wanda zai riƙa zaunar da kai yana yi maka tambayoyi da Turanci har bakinka ya saki. Japanancin ka riƙe shi a waya, minti 20 kullum.

Ɗan Birni a Saitama: Dakta, ke a ɗakin gwaje-gwaje kika zauna, gwamnati na ciyar da ke. Ba ki san Japan ɗin da muka sani ba. Mutum nawa suke ɗauka daga Najeriya a shekara? In bai samu ba fa?

Dakta Hauwa: In bai samu ba, Turancin da ya gyara yana nan, ya nemi ABE, shirin tallafin karatu na JICA ga matasan Afirka, shi ma da Turanci ake digirin. Kuma kada ka ce ban sha wuya ba. Ranar da ɗana ya yi zazzaɓi da tsakar dare, ina asibiti da digirina na kasa cewa yana amai. A taron ɗakin bincike ma in gardama ta yi zafi sai su koma yarensu su bar ni ina kallon silin.

Malam Nahawu: Ku bar ni in sa baki, ko da yake ban je ba, shekara 3 nake koyo a Zariya don sha'awa. Bahaushe ya fi Bature sauƙin furta Japananci. Suna da dogon wasali da gajere: obasan gwaggo ce, obaasan kaka, kamar gari na zama da garin tuwo. Suna da shadda: kite daban, kitte daban. Suna da karin sauti: ame ruwan sama, ame alewa, kamar kuka na hawaye da kuka ta miya. Har aron kalma irin namu suke yi, mu mu ce tebur, su su ce teeburu. Turanci ne ya wahalar da mu, da p da f ɗinsa da rubutun da ba ya bin furuci. Inda Japananci ke kayar da mutum shi ne aikatau a ƙarshen jimla, da keigo, maganar girmamawa, sai uwa uba kanji.

Ɗan Birni a Saitama: Wanda bai je ba shi ma yana ba da fatawa.

Sarkin Zolaya: Ni dai abu ɗaya na sani: buta a yarensu alade ne. Auwal, kada ka shiga shago ka ce a ba ka buta za ka yi alwala 😂

Dakta Hauwa: Wallahi gaskiya ne. Kanjin alade shi na fara haddacewa, saboda karanta bayan leda. Sai na giya, don mirin ma da suke zubawa a girki akwai giya a ciki.

Sarkin Zolaya: In kuma malami ya yi bayani ba ka gane ba, kada ka ce sake, don sake a wurinsu giya ce.

Ummu Sultan: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Yaron nan shekara 16 yana karatu da Turanci, daga firamare har jami'a, amma yana tsoron buɗe baki. Laifin wa? A makarantarmu in ka yi banakula tara za ka biya ko a zane ka, sai muka koyi yin shiru a harshe biyu. Su Japanawa da yarensu suke koyon injiniyanci har su ƙera mota.

Baban Zee: Su ai sun fi shekara ɗari suna fassara littattafan kimiyya. Mu ina namu? Tsarin koyarwa da harshen uwa na 2022 ma gwamnati ta soke shi a 2025.

Ɗan Maraɗi: Mu nan an ce Hausa ce harshen ƙasa tun 2025, amma takardar neman aiki har yanzu da Faransanci nake rubutawa. Ni Turancin ma a kasuwar Jibiya na fara tsintarsa.

Abu Khalifa: Malaman firamaren ne matsalar. Wanda bai iya ba me zai koyar?

Malam Nahawu: Alhaji, a yi hattara. Aji ɗaya yara sun fi 90, ba littafi, albashi sai an ga dama. Zo ka karɓi allin na mako ɗaya.

Auwal Mai Sola: Na gode duka. Dakta, wanda zai riƙa yi mini intabiyun gwajin, nawa ya kamata in biya a wata? Wani ya ce dubu 30, wani ya ce dubu 90.

Abu Khalifa: Malam Nahawu, ni ma na koyar shekara 4 kafin in fita, kada ka gaya mini aji.