Man irin wiwin masana'antu zai iya maye gurbin gazuwal a injin niƙa?

Mai injin niƙa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana gona da masana inji ce. Tun da litar gazuwal, wato man dizal, ta kai sefa 828 a gidan mai a Fabrairun 2024, na ƙetaren iyaka ma ya daina araha, ribar niƙa duk tanki ke shanye ta. Ana ta yaɗawa a WhatsApp wai akwai wata wiwi da ba ta bugarwa, Turawa na matse irinta su yi man inji da shi. Wasu kuma sun ce ai ramar nan ce da muke shukawa a gefen gona. Ina gaskiyar take? In haka ne, hekta nawa zai riƙe injin doki 10 mai niƙa awa shida kullum? Kuma ana iya zuba man kai tsaye a tanki?

Malamin gona, Marwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu fara raba rama da wiwi. Rama dangin yakuwa da kuɓewa ce, ba abin da ya haɗa ta da wiwi sai kamannin ganye da igiyar da ake samu a ɓawonsu. Irinta na da mai, kusan kashi 20 cikin 100, amma ba ita ake nufi a saƙonnin nan ba. Wadda ake nufi wiwi ce ta gaske, jinsi ɗaya da wadda ake sha, sai dai an zaɓo iri mai ƙarancin sinadarin bugarwa. Amurka ta halatta noman ta a 2018 bisa sharaɗin kada sinadarin ya wuce kashi 0.3 cikin 100.

Cewa ana yin man inji da ita gaskiya ne. Masu bincike a Jami'ar Connecticut sun nuna a 2010 cewa kashi 97 cikin 100 na man irin na juyewa ya zama biyodizal, wato man tsiro da aka sarrafa ya yi aikin gazuwal. Matsalar ba a nan take ba.

Ta farko doka ce. Dokar Kamaru ta 7 ga Agusta 1997 kan miyagun ƙwayoyi ta hana noman wiwi, kuma jandarman da ya tarar da ita a gonarka ba awon sinadari zai tsaya yi ba. Wannan kaɗai ya isa a rufe zancen shuka ta.

Ta biyu rana ce. Tsiron nan tsawon yini yake bi: muddin yini na da tsawo yana ta girma, da ya gajarce sai ya yi fure. Irin Kanada da Faransa an yi shi don bazarar da yini ke kaiwa awa 15 zuwa 16. Mu nan Garwa da Marwa yininmu mafi tsawo bai kai awa 13 ba. Ka shuka shi, sati uku ko huɗu ya fara fure yana ɗan guntu, amfanin ba zai taka kara ya karya ba. Ga shi ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, don haka karal, ƙasar yumɓun da ake shuka dawar rani ta muskuwari, ba tasa ba ce.

Mu ɗauka duk an warware waɗannan. Gona mai kyau a Kanada na ba da wajen tan ɗaya na iri a hekta. Mai kashi 30 zuwa 35 ne a cikin irin, amma ƙaramin injin matsa ba ya fitar da fiye da kashi 25, sauran na zama cikin tunkuza. Kilo 250 ke nan, kusan lita 270. Injinka na shan kamar lita ɗaya da rabi a awa, lita 9 a yini. Hekta guda wata ɗaya zai riƙe ka, shekara sai hekta 12. Lita 270 kuwa a farashin gidan mai na 2024 ba ta kai sefa 225,000 ba, tun ba a cire kuɗin taki da noma da matsa ba. Gwada da kwakwar manja ta kudu mai ba da tan 3 zuwa 4 na mai a hekta, za ka ga wiwi ba wata gwana ba ce a harkar mai.

Bakanike, Kuseri

Malam ya gama da gona, ni bari in yi ta inji. Alhaji, don Allah kada ka zuba ɗanyen mai a tanki haka kawai, kowane iri ne. Man tsiro ya fi gazuwal kauri kusan sau goma. Nozul ba ya iya fesa shi ya zama hazo, sai ya riƙa tsartuwa. Abin da bai ƙone ba ya daskare a bakin nozul, ya liƙe ringin fistan, sauran ya gangara cikin baƙin mai ya mayar da shi kamar kunu. Alamar farko injin ya ƙi tashi da safe, sai farin hayaƙi, sai ka ga baƙin mai na ƙaruwa a sandar awo maimakon ya ragu.

Man wiwi ya fi sauran muni a nan, don mai ne mai bushewa, irin wanda ake haɗa fenti da shi. Iska ta taɓa shi a zafin Afrilu, cikin 'yan makonni ya yi ɗanko a tanki da famfo. Ko an juya shi biyodizal wannan halin na bin sa: ma'aunin Turai ya iyakance lambar aidin, wadda ke nuna saurin bushewar mai, a 120, na wiwi kan haura 150. Man gyaɗa da na bini da zugu suna ƙasa da iyakar.

In dole sai ɗanyen mai, tsofaffin injina masu juyi a hankali, irin Lister, su ne ke jurewa. A sa tanki biyu da famfon sauyi. A tayar da gazuwal, bayan minti goma injin ya yi zafi a juya. A naɗe bututun jan ƙarfe a jikin bututun ruwan zafi don man ya kai digiri 70 zuwa 80 kafin ya isa famfo. A tace shi da filta mai maikiron 5, wato mai ƙananan ramuka sosai. Minti biyar kafin kashewa a koma gazuwal ya wanke layi. Juyen baƙin mai kuma a riƙa yi a rabin lokacin da aka saba. Ƙananan injinan Sin masu fesawa kai tsaye ba sa jure wannan sosai, su biyodizal ya fi dacewa da su. Babur da ƙaramin janareta mai shan esans, wato fetur, kuwa ba ruwansu da wannan magana gaba ɗaya.

Malamin kimiyya, Mundu

Ina tare da su. Amma kada Alhaji ya tashi hannu rabbana. Man angurya shi ne zai fara zuwa a rai, tunda kamfanin auduga na Sodecoton na matse shi a Garwa da Marwa, na Cotontchad kuma a nan Mundu ta Cadi. To wannan man miya ne, litarsa ta fi ta gazuwal tsada, ƙona shi asara ce. Abin da lissafinsa ke fita shi ne man da ba a ci: tsohon man suyar ƙosai da kifi da ya yi baƙi, da man bini da zugu da ake shinge da shi, wanda irinsa ke da mai sama da kashi 30. Garin Garalo a Mali an ba shi wutar lantarki da janaretocin da aka shirya don man bini da zugu. Tunkuzarsa guba ce, taki ake yi da ita, ba a ba dabba.

Ga yadda ake juya lita ɗaya. A fara da lita ɗaya, ba da durom ba.

A tace man da ƙyalle, a dafa shi ya ɗan wuce digiri 100 har ya daina tartsatsi, alamar ruwa ya fita. A bar shi ya huce zuwa 55. Metanol, wata barasar masana'antu mai guba, mililita 200. Sodar sabulu busasshiya giram 3.5 in sabon mai ne. Tsohon mai yana da tsami, sai an auna ƙari: a narka giram 1 na soda a lita ɗaya ta tataccen ruwa, a wani kofi a haɗa mililita 1 na man da mililita 10 na isofurofanol, barasar goge fata ta asibiti, da ɗan garin kurkur. A riƙa ɗiga ruwan sodar da sirinji ana motsawa har rawaya ta koma ja ta tsaya. Mililita nawa aka ɗiga, giram nawa ke nan za a ƙara kan 3.5. In ya wuce mililita 4 ko 5, man ya yi tsami da yawa, sabulu zai ba ka ba man inji ba. Man darbejiya yawanci nan yake faɗuwa.

A narka sodar cikin metanol a jarka mai murfi har ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. A zuba cikin man a hankali, a motsa awa ɗaya, zafi na tsakanin 50 da 60. Kada ya kai 65, nan metanol ke tafasa ya gudu, aikin ya tsaya a rabi. A bar shi ya kwana. Da safe za ka ga hawa biyu: gilisarin mai duhu a ƙasa, biyodizal a sama. A zare na ƙasa. A wanke na sama da ruwan ɗumi, kashi ɗaya cikin uku na yawansa, a yayyafa kada a girgiza, sau uku ko huɗu har ruwan ya fito garau. A shanya ko a ɗan ɗumama har ya washe, ana hango rubutu ta cikin kwalbar.

Gwaji kafin tanki: mililita 3 na biyodizal cikin mililita 27 na metanol, a girgiza. In ya narke duka, aiki ya yi. In ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, bai gama juyewa ba.

Metanol ba abin wasa ba ne. Shan kaɗan na makantarwa, yana shiga ta fata da numfashi, wutarsa kuma ba a ganin ta da rana. A yi aiki a fili, da safar hannu da tabarau, nesa da murhu da yara. Kada a yi amfani da tukunyar alminiyam, soda na cin ta.

Mai injin niƙa, Garwa

Allah ya saka da alheri, an cire ni daga duhu. Zancen wiwi na ajiye shi. Malam na Mundu, in metanol ya yi wuyar samu, barasar da ake dafawa a ƙauye za ta yi? Kuma in man ya fito, zallansa zan zuba?

Malamin kimiyya, Mundu

Ba za ta yi ba, Alhaji. Rabinta ruwa ne, ruwa da soda da mai kuwa sabulu suke haifarwa. Ko etanol na kanti mai kashi 96 yakan hana gilisarin rabuwa. A nemi metanol mai kashi 99 wurin masu sayar da sinadaran masana'antu, a sa kuɗinsa da na dakonsa cikin lissafi tun farko, don kowace lita 100 ta mai tana cin lita 20.

Bakanike, Kuseri

Kada ka fara da zalla. Lita 1 cikin lita 4 na gazuwal tukuna. Biyodizal na wanke dattin da ya shekara a tanki ya tura shi filta, don haka ka ajiye filta biyu a kusa, ta farko za ta toshe da wuri. Tsofaffin tiyo na roba yana kumbura su, in ka ga sun yi laushi ko suna gumi a canza. Zai ɗan fi gazuwal saurin ƙarewa, kusan kashi 8 cikin 100 in zalla ne. Abin da ka haɗa a ajiye a jarka cike, a rufe, a inuwa, kuma a ƙarar da shi cikin wata biyu zuwa uku.