Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba wasan geocaching?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe. Na zo muku da wata kalma da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ina so mu yanke mata hukunci tare, domin na ga ranar da rashinta ya kusa jawo mini mummunar fahimta. Kalmar ita ce geocaching, sunan wani wasa da ake yi da salula ko na'urar GPS, wadda ke nuna wa mutum daidai inda yake ta hanyar taurarin ɗan Adam. Mutum zai ɓoye ɗan gwangwani ko roba mai murfi a wani wuri, ya ɗauki lambobin da ke nuna daidai inda wurin yake a doron ƙasa, ya sanar da su, sa'an nan wasu su bi lambobin har su gano abin. Wanda ya gano ba ya tafiya da shi. Zai buɗe, ya sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, idan ya ɗauki wani abu ya bar wani wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi, kana ya mayar da gwangwanin yadda ya tarar.

Ga abin da ya faru. Mun tashi daga Maradi da sassafe za mu ɗaurin aure Damagaram, ni da ɗan ƙanwata wanda yake karatu a jami'a, kuma shi ne ya fara nuna mini wasan. Wani abokinsa ya ɓoye abu a bakin hanya ya turo masa lambobin, shi ya sa tun daga Tasawa yake ta roƙona: "Kawu, don Allah idan mun kusa a tsaya, minti goma kawai." Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san yadda ƙasa take sauya fuska idan aka doshi Damagaram: rairayi da gonakin hatsin da ido ya saba da su a wajenmu sai su fara ba da wuri ga manyan duwatsu mulmulallu, wasu a zube, wasu a ɗore bisa juna. Na bi hanyar nan ya fi sau talatin, amma ban taɓa tsayawa na taka wurin da ƙafata ba sai ranar.

Salula ta kai mu gindin wani dutse mai girman rumbu, wanda yake zaune a kan wani da bai kai rabinsa ba, kuma inda suka haɗu bai fi faɗin faifai biyu ba. Daga titi mutum zai rantse cewa iskar bazara ɗaya za ta ture shi. Da na dafa shi da tafin hannu na ji kaushinsa da ɗuminsa, na ga ƙananan ƙwayoyi farare da jajaye da baƙaƙe masu ƙyalli a jikinsa, sai na gane cewa ya riga kakannin kakanninmu zama a haka. A inuwarsa akwai kashin awaki da tokar wata tsohuwar wuta, alamar makiyaya suna hutawa a wurin. Abin da muke nema yana cikin wata tsaga, an toshe bakinta da tsakuwa uku, kuma na hana yaron zura hannu sai da muka fara bincikawa da kara, saboda irin wannan wuri gidan kunama ne.

Muna tsugune sai ga wani dattijo da gatari a kafaɗa. Ya yi sallama, muka amsa, ya ce: "Lafiya kuwa, bayin Allah? Me aka jefar?" Yaron ya yi saurin faɗin sunan wasan da Turanci, abin da ya ƙara dagula lamarin, domin na ga fuskar tsohon ta canza nan take. Na ce: "Baba, wasa ne." Ya dubi furfurar gemuna, ya dubi salular da ke hannuna, bai ce komai ba. Yana da gaskiya. Baƙi biyu sun ajiye mota a bakin titi suna zagaya dutse suna leƙa tsaga, a ƙasar da mutane suka san masu neman zinariya, suka san masu kai wa iskoki abu a gindin dutse, kuma suka san halin tsaron da ake ciki. Sai da na buɗe robar a gabansa, ya ga ɗan littafi da guntun fensir da maɓalli biyu da dala biyar, na yi masa bayani mai tsawo, sa'an nan ya saki fuska ya ce: "Ashe ajiya ce. To, ku mayar wa mai ita."

Tun daga lokacin nake juya maganarsa. Amma kafin in faɗi abin da na tsaya a kai, ya kamata mu san inda kalmar Turancin ta fito, domin ita ma ƙirƙirarta aka yi, kuma ba da daɗewa ba. Kafin shekarar 2000 gwamnatin Amurka, wadda ita ce mai taurarin GPS, tana rage ingancin saƙon da farar hula ke samu da gangan, har na'ura takan kauce wa wuri da kusan mita 100. A farkon watan Mayu na 2000, zamanin shugaba Bill Clinton, aka ɗage wannan takunkumi. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da kaset da gwangwanin wake da 'yan wasu kaya, ya wallafa lambobin a intanet don ya gwada ko za a iya gano shi, aka kuma gano shi cikin 'yan kwanaki. Sunan da aka fara ba wasan yana ɗauke da wata kalma wadda Turawa ke amfani da ita ga ɓoyon kayan laifi, saboda haka kafin ƙarshen wannan wata wani mai suna Matt Stum ya kawo sunan da ake amfani da shi yau. Ya haɗa geo na Girkanci, wato ƙasa, da cache, wadda asalinta Faransanci ne, kuma duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya san ta daga aikatau mai nufin ɓoyewa. A watan Satumba na 2000 Jeremy Irish ya buɗe shafin da ke tattara lambobin, kuma yanzu abubuwan da aka ɓoye sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. Abin lura a nan shi ne, masu wasan da kansu sun sauya sunansa na farko don gudun zargi, kuma wannan damuwa ce tawa.

Na gode wa waɗanda suka turo shawarar sunan Hausa tun da na fara tambaya daren jiya. Wasu sun ce a ari kalmar kawai a rubuta ta jiyokashin, kamar yadda muka ari mota da rediyo da intanet. Ba ni da ƙiyayya da aro, amma mota ana ganinta da ido, sunanta kuma ya bi ta. Wannan kuwa aiki ne da baƙo zai yi a gonar wani ko a makiyayar wani, kuma suna ne kaɗai zai yi masa bayani kafin a zarge shi. Ga kuma kashin da ke ƙarshen kalmar, wanda kunnen Bahaushe ba zai ji shi da daɗi ba ta kowace fuska.

Wani malamin makaranta daga Gidan Rumji ya kawo ɓoyon ƙasa, yana bin sassan kalmar ɗaya bayan ɗaya. Malam, na fahimci hikimar, sai dai duk wanda ya ji ɓoyon ƙasa zai ɗauka binnewa aka yi, alhali dokar wasan ta hana haƙa rami, ko wajen ɓoyewa ko wajen nema. Wasan ɓuya kuma, wanda wata 'yar uwa ta ambata, mutum ne yake ɓuya a cikinsa, kuma na yara ne.

Wadda ta fi samun goyon baya ita ce farautar taska, kuma ita ce na fi jin tsoro, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Tana da daɗin faɗi, matasa za su so ta, amma kowane rabinta yana koyar da akasin wasan. Mafarauci yana fita ne ya kashe ya ɗauko ya kawo gida, kuma ba a taɓa jin wanda ya kama zomo ya sa masa hannu ya mayar da shi rami ba. Taska kuwa dukiya ce. Mu mutanen jihar Maradi mun ga abin da labarin dukiya a cikin ƙasa yake yi: da aka ji an samu zinariya a yankin Ɗan Isa a 2021, dubban mutane suka kwarara can, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara rami ya rufta ya kashe aƙalla mutum 18. Idan yara suka fara yaɗa cewa akwai taska a gindin dutse kaza, ba na shakkar cewa wata rana za a tarar an zo da diga da shebur an tone gindinsa, dutsen da ya yi shekaru aru-aru a ɗore ya zama haɗari ga makiyayan da ke hutawa a inuwarsa. Robar da ke ɗauke da fensir da maɓalli ba ta cancanci wannan suna ba.

An kuma ambaci cigiya da tsintuwa. Cigiya ta abin da ya ɓata ce, wannan kuwa mai shi ya san inda yake sarai. Tsintuwa kuma ba a fita nemanta da lambobi a hannu.

Shi ya sa na koma ga kalmar dattijon. Ajiya a wurin Bahaushe tana tafe da amana a cikinta. Abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne, kana iya ganinsa, kana iya taɓa shi, amma wajibi ne mai shi ya dawo ya same shi, kuma yaro ƙarami ma ya san cewa cin ajiya abin kunya ne. Ke nan kalma ɗaya ta ɗauke mana dokar wasan gaba ɗaya ba tare da an yi wa kowa lacca ba. Ga aikin kuma na zaɓi biɗa, wadda ita ce kalmarmu ta nan Katsina da Gobir, domin tana nuna nema da niyya da ƙoƙari. Saboda haka shawarata ita ce biɗar ajiya. Abin da aka ɓoye shi ne ajiya, wanda ya ɓoye shi ne mai ajiya, masu nema kuma mabiɗi da mabiɗiya da mabiɗa. 'Yan uwanmu na Kano da Zariya, waɗanda biɗa ta yi wa bakinsu nauyi, suna iya cewa neman ajiya, ma'ana ɗaya ce. Na gwada ta a jimla don in ji ko za ta zauna: "Gobe za mu fita biɗar ajiya hanyar Madarumfa." "An sa sabuwar ajiya kusa da gulbi." "Mabiɗa uku sun sa hannu kafin mu." Ban ji inda ta yi tuntuɓe ba.

Wani ya yi tambaya mai kyau, cewa kalmar ba ta nuna GPS ba, kuma ba ta nuna wasa ba ne. Haka ne, amma dara ma sunanta bai ambaci ramuka da 'ya'ya ba, amfani ne ya cika mata ma'ana. Inda ake tsoron ruɗani da ajiyar banki, sai a ce wasan biɗar ajiya a karon farko.

Akwai wani reshe na wasan da dutsen nan ya tuna mini, wanda aka fara a 2004 a Ostireliya tare da ƙungiyar masana ilimin duwatsu ta Amurka. A cikinsa babu gwangwani ko kaɗan. Lambobin suna kai mutum ne ga wani abin al'ajabi na ƙasa, ya duba da idonsa, ya amsa tambayoyi a kan yadda ya samu. Da an yi wa dutsenmu irin wannan, amsar ita ce: irinsa, wanda masana ke kira garanit, ya daskare ne a can ƙarƙashin ƙasa, ya tsattsage, ruwa ya riƙa bin tsagogin yana cin kusurwoyi da gefuna har suka mulmule, daga baya ruwan sama da iska suka kwashe ƙasar da ta ruɓe a kewaye, suka bar ƙwayoyin da suka fi tauri a ɗore yadda suke tun suna binne. Tsaunukan Dogon Dutsi da ke kan hanyar Yamai ba haka suke ba, domin su marmara ce mai tauri ta rufe kansu ta kare su daga zaizaya, shi ya sa samansu yake a shimfiɗe. Ga wannan reshe ina ganin ajiyar halitta ta dace, tun da ba ɗan Adam ne ya ajiye ba, kuma amanar barinsa yadda aka tarar tana nan.

Abin da ya rage mini shi ne sunan lambobin nan guda biyu, na arewa da na gabas, waɗanda ake bi a kai ga wuri. Na yi ta cewa lambobin wuri a wannan rubutu da kuma a bakina, amma ina jin kwatance ta fi kusa, tun da ita muke ba baƙon da ke neman gida, sai a ce lambobin kwatance. Masu aikin safiyo da direbobin da ke shiga Agadas da na'ura, ku da kuke amfani da su kullum, ina so in ji abin da kuke kiransu a tsakaninku kafin mu tsayar da ɗaya.