Dan Allah me za mu kira entrepreneurship da Hausa?

Maman Hanif: Salam 'yan uwa. Gobe ƙarfe 9 na safe zan gabatar da wata malamar jami'a a shirinmu na rediyo, Farfesa ce, ta fara bincikenta kan hada-hadar kuɗi da bankuna, ta koma cinikayya tsakanin ƙasashe, yanzu kuma ta fi ƙarfi a entrepreneurship. Na ukun nan ne ya tsaya min a wuya. Na rubuta kasuwanci sai na ga ai na riga na ce cinikayya, kamar tuwona maina. A taimaka dan Allah.

Ɗan Fagge: Ki ce sana'ar dogaro da kai, shi kowa ke cewa a labarai.

Malamin Tattali: A'a ƙanina, mai shayin bakin layinmu ma ya dogara da kansa, Allah ya sa masa albarka, amma abin da ya tarar ana yi shi yake yi. Wanda ake nufi shi ne mai hango buƙatar da mutane ba su hango ba, ya zuba jarinsa cikin kasada, ya buɗe hanyar da babu ita da, a kan buɗe sabuwar hanyar nan ne masanin tattalin arziki Schumpeter ya gina bayaninsa. Ni ƙirƙirar kasuwanci nake ce wa ɗalibaina.

Baba na Ƙoƙi: Ku yaran nan sai ku riƙa yi kamar Turawa ne suka koya mana neman kuɗi. Alhassan Dantata da ya rasu a 1955, goron Gwanja ya fara yi, da layin dogo ya iso Kano ya juya ga gyaɗa, in wannan ba hangen nesa ba ne to mene ne? Fatauci ne sunansa, jagoran ayari kuma madugu. Na daɗe ina cewa a kira ilimin madugantaka, ba wanda ya saurare ni.

Maman Hanif: Allah ya ƙara girma Baba, wallahi kalmar ta min daɗi a baki, amma yanzu in mai sauraro ya ji fatauci sai hankalinsa ya tafi kan fataucin miyagun ƙwayoyi, madugu kuma sai ya tuna madugun 'yan tawaye. Baƙuwata ce, ba zan so a fahimce ta a karkace ba.

Ɗan Damagaram: Kalmar entrepreneur ma asalinta Faransanci ce, mu nan in ka ce wane entrepreneur ne yawanci ɗan kwangilar gini za a ɗauka. To ko masu ita ba su tsaya kan ma'ana guda ba.

Baba na Ƙoƙi: 'Yan jarida ne suka ɓata mana kalmomin, sai mu bar musu ke nan? Kuma 'yata kada ki ce Farfesa, Shehiyar Malama za ki ce, muna da namu.

Malamin Tattali: Allah gafarta Malam, aro ba abin kunya ba ne. Riba daga Larabci take, kasuwa ta wajen Barebari ta zo mana, banki kuwa kowa ya san inda muka samo shi. Matar da ta kwashe shekaru tana rubuce-rubuce har aka ba ta kujerar nan, a kira ta da sunan da ke jikin takardarta mana.

Baba na Ƙoƙi: Ba aro nake ƙi ba, ƙin naka nake ƙi.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, dare ya yi. Zan ce binciken ƙirƙira da kafa kasuwanci, in mun shiga hira in roƙe ta ta fassara da bakinta, kuma zan kawo mata misalin Dantata. Farfesa dai zan ce Baba, a yi haƙuri.

Baba na Ƙoƙi: Ya yi tsawo, amma shike nan. Ki dai faɗa mata madugantaka ki ji me za ta ce.