Neman shawara: masarautar da na ƙirƙira ta ƙi tsayuwa da ƙafarta

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta labari a kan wata masarauta da na ƙago, mai kama da ƙasar Sakkwato kafin zuwan Turawa a 1903. Babi na farko ya cinye shafi goma, duk tarihin sarakuna. Kuma masu karatu sun kama ni: tafiyar da ayari ya yi wata guda, jarumin ya yi ta a wuni ɗaya. Ta ina zan gyara?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ajiye alƙalami, zana taswira tukuna. Fara da ruwa, don gari ba ya zama inda babu shi. Dubi yadda Sakkwato ta zauna kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Ki auna nisa da zango, ba da kilomita ba. Ayarin jakuna da raƙuma kusan kilomita 25 zuwa 35 yake ci a wuni. Manzo a kan doki ya fi haka, amma doki na gajiya, sai an canza shi. Da damina fadama ta cika, hanyar kwana uku na iya komawa bakwai. Ki rubuta nisan kowane gari a littafi daban, ki riƙa dubawa.

Amsa ta 2:
Kuɗi ma na tona asiri. In wuri ake kashewa, keso ɗaya wuri dubu 20 ne, kaya ne guda, ba a sa shi a aljihu a gudu. Kuma kada kowa ya duba agogo. A ce hantsi, azahar, almuru. Don sarautu irin su Waziri, Magajin Gari da Magajin Rafi, ki leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ki ga aikin kowa, kada ki ba mai gari aikin alƙali.

Amsa ta 3:
Shafi goman nan, 'yar uwa, ki yanke tara. Tarihin ya zauna a littafinki na gefe. Mai karatu ya ji sunan tsohon sarki a bakin maroƙi, ya gane harajin garin sa'ad da bafatake ke gardama da mai tsaron ƙofa kan buhun goro. In akwai aljanu ko tsafi, ki yanka masu doka tun farko: me suke iyawa, me ya gagare su, me ake biya. In laya ta ɓatar da jarumi a babi na 3, sai ki faɗi abin da ya hana ta aiki ranar da aka ɗaure shi a babi na 12.