Neman kalma: me za mu kira chassis da drivetrain a takardar ɗalibai?

Malamar Fasaha: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar koyarwa mai shafi 12 don ɗaliban sakandare da za su haɗa mutum-mutumi irin na gasar FIRST Tech Challenge. Alhamis za a kai wa mai buga takardu, Asabar a fara darasi. Kalma biyu sun tsaya mini: chassis da drivetrain. Jimlar da ta fi ɗaure mini kai tana cewa idan chassis ya murɗe, drivetrain ba zai tafi a miƙe ba, ko da umarnin da aka rubuta masa a kwamfuta daidai ne. Manhajar fassara ta ba ni "jirgin tuƙi", wanda ba ya nufin komai. Na gwada "gangar jiki" da "kayan tafiya", ba su zauna mini ba. Abin da nake nema shi ne kalmar da yaro ɗan shekara 14 zai ji ya san inda zai sa hannu.

Bakanike: Wa alaikumus salam Malama. Ta farkon ba ta buƙatar nema, shasi ne. Duk garejin da kika shiga haka ake cewa, a takardun mota ma lambar shasi ake dubawa. Gangar jiki kuwa bodi ce, ita ake ɗorawa a kan shasi. "Kayan tafiya" ki cire shi, jaka da akwati mutum zai hango.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan shasi ne, kuma asalin kalmar Faransanci ce, Ingilishi ma aronta ya yi. Ta wuce a ɓangarorin biyu ke nan. Amma Malama ki kula da sunan abin da ke juya tayar. In kika rubuta mota, yaron Kano zai ga abin hawa mai taya huɗu. In kika rubuta moto, yaron Maraɗi babur zai gani.

Injiniya: Kafin a raɗa suna a raba abubuwan, don a Turancin ma yara na cakuɗa su. Shasi shi ne wanda ba ya motsi da kansa: sandunan alminiyam da aka ɗaure da noti, a kansu ake ɗora batir da akwatin sarrafawa da hannun ɗauka. Dokar gasar ta ce kafin a fara wasa duk na'urar ta shiga ma'auni mai inci 18 ta kowane ɓangare, wato santimita 45.7. Shi ya sa ake yanka shasin ya tsaya wajen santimita 43, don kan noti da gefen taya suna ƙara faɗi, kuma milimita 2 ta isa a hana ku shiga fili.

Ɗayan kuwa jeri ne: inji, giya, sarƙa ko bel, shaf, boris, taya. Ƙarfi ya taso daga batir ya bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya har ya taɓa ƙasa. Kalmar train a nan ba jirgin ƙasa take nufi ba, abubuwa ne masu bin juna kamar ayari. Ni zan ce "jerin tuƙi". Ranar da taya ɗaya ta ƙi juyawa, jerin nan yaro zai bi: inji na kuka? shaf na juyawa? to taya ce ta saki shaf, noti ya kwance.

Bakanike: Injiniya, a wajenmu duk wannan ƙafa ce. Gyaran ƙafa, ƙafar gaba, ƙafar baya.

Injiniya: Oga, ƙafa a gareji ba ta haɗa da inji da giyabos. Nan kuwa injinan guda huɗu ne, kowane a jikin tayarsa. In aka ce wa yaro duba ƙafa, taya kawai zai duba.

Mai Kishin Harshe: Ikon Allah. An buɗe zare don neman kalmar Hausa, an wayi gari ana jera shasi, shaf, boris, giyabos. Wace Hausa ke nan? Chassis ƙwarangwal ne, babu tantama: ƙashi ne da ake ɗora tsoka a kai. Drivetrain kuma MAJUYI. Ginin kalmar sananne ne: buɗe, mabuɗi, goge, magogi, ɗaure, maɗauri, juya, majuyi. Gajeriya ce, tana da jam'i, majuyai, kuma ba ta roƙi kowa komai ba. Sannan a ce za a ba yaran makaranta takarda ana ta rubuta giya a ciki?

Bakanike: Malam, giyar mota wasalinta dogo ne, ɗayar gajere. Babu direban da ya taɓa ruɗewa in aka ce ya sa giya ta biyu.

Mai Kishin Harshe: A baki ne ake jin tsawon wasali. A rubutu ɗaya suke.

Injiniya: Malam, majuyi kalma ce mai daɗi, amma ta yi wa abin yawa. Doka ta yarda da inji har 8 a na'ura ɗaya. Huɗu ne na tafiya, sauran na ɗaga hannu, na jawo ƙwallo, na naɗe igiya. Duk suna juyawa. In malama ta ce a gyara majuyi, wanne za a kama? Kuma kalmar tilo ce, abu ɗaya take nunawa, alhali darasin gaba ɗaya a kan yadda sassan ke jituwa ne.

Ga misalin da ke cikin irin wannan takarda. Injin kamfanin goBILDA mai juyi 312 a minti, da taya mai faɗin milimita 96. Kewayen tayar milimita 301.6 ne. A ninka da 312, a raba da 60, ya ba da wajen mita 1.57 a daƙiƙa. Filin ƙafa 12 ne, mita 3.66, za a ƙetare shi cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Yara za su ce a sa mai juyi 435, ya kai mita 2.19. Gudu ya ƙaru, ƙarfin turi ya ragu da gwargwadon haka. Sai su haɗu da wata na'urar ana ture-ture, injinan su cije. Kowane inji in ya cije yana jan amfiya 9.2, huɗu sun kusa 37, fis ɗin batir kuwa na amfiya 20 ne. Ko fis ya ƙone, ko wuta ta faɗi akwatin sarrafawa ya ɗauke a tsakiyar wasa. Laifin ba na inji ba ne shi kaɗai, ba na taya ba ne. Na haɗin ne. Sunan da muke nema na haɗin ne.

Mai Kishin Harshe: To a ce majuyin ƙasa. An gama. Abin da ke damuna shi ne duk wanda ya je jami'a ya dawo sai ya ga kalmar Hausa ta yi masa ƙauyanci. Yanar gizo ba ƙirƙira aka yi ba? Yau wa ke tambayar ma'anarta? Jirgin sama fa? Makaranta fa, ba daga karanta aka gina ta ba?

Ɗan Maraɗi: An kuma ƙirƙiro na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma kwamfuta ake saye a kasuwa. Alƙalami da allo ma baƙi ne, sun daɗe ne kawai har aka manta. Sannan Malam, duk lokacin da aka ce tsantsar Hausa, in ka duba sai ka ga Kananci ake nufi. Mu a ce mu bi.

Mai Kishin Harshe: Wa ya ambaci Kano? Ƙa'idar ma- tana Sakkwato, tana Damagaram, tana Gobir. In ana son hukunci a kai wa masana na Jami'ar Bayero, akwai cibiyar nazarin harsuna, aikinsu ke nan.

Ɗan Maraɗi: Ka ga ni? An ce ba Kano ba, an kuma kai ƙara Kano. Yamai ba ta da jami'a?

Ɗalibar Injiniyanci: Don Allah Malamai, Alhamis aka ce. Kuma tun da ana maganar tsarki, ba a ma daidaita a kan sunan na'urar kanta ba: wasu mutum-mutumi, wasu saƙago. Wannan abin ko kama da mutum ba ya yi, akwati ne mai taya.

A koma kan jimlar Malama. Murɗewar da ake nufi ta fi cutar da tayar mekanum, wadda injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Bengt Ilon, ya ƙirƙiro. Tayar na da ƙananan rola a jikinta, kwance a kan digiri 45. In tayoyin gefe ɗaya suka juya suna fuskantar juna, na ɗaya gefen suna guje wa juna, sai turin gaba da na baya su kashe juna, na'urar ta tafi a kaikaice kamar ƙaguwa. Wannan kashe junan ba ya yiwuwa sai tayoyin huɗu sun danne ƙasa da nauyi kusan ɗaya. Shasi ya murɗe, taya ɗaya ta ɗan ɗaga, sai na'urar ta riƙa karkata tana zana layi mai lanƙwasa. Yara su kwana suna gyara lissafi a kwamfuta, ciwon yana jikin ƙarfe.

Gwajin mai sauƙi ne. A ɗora ta a kan tebur mai fuska a baje, ba tudu ba kwari, a zura farar takarda ƙarƙashin kowace taya, a ja. Wadda takardarta ta zare ba turjiya, ita ce a sama. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, su zo ɗaya. In ba su zo ba a sassauta notuna duka, a danne shasin a kan teburin, a ɗaure su a gicciye, ba a bi layi ba. A duba daga sama kuma, rolar tayoyin huɗu su zana harafin X. In an musanya taya biyu, gaba za ta yi lafiya, kaikaice ne zai gagara.

Saboda haka ƙwarangwal bai yi mini ba a matsayin suna. Ƙwarangwal na da gaɓoɓi, yana lanƙwasa. Abin da ake so yaro ya riƙe shi ne wannan ba ya lanƙwasa ko kaɗan.

Mai Kishin Harshe: 'Yata, shasi fa? Me kalmar ke faɗa wa yaro game da lanƙwasa? Ba komai.

Ɗalibar Injiniyanci: Gaskiya ne Baba, amma ba ta faɗa masa abin da ba haka ba. Kuma in ya je wajen mai walda ko mai sayar da boris, za a gane shi.

Bakanike: Malama ki ƙara wannan a takardar, kowane suna kika zaɓa. Kada a rataye taya a kan shaf ɗin inji kai tsaye da tallafi ɗaya. Boris biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, in ba haka ba karo ɗaya zai lanƙwasa shaf ya ci haƙoran giya. A yi amfani da shaf mai kusurwa shida, mai zagaye yana sulɓewa. Noti mai roba a ciki, don jijjiga na kwance na banza. Sarƙa in an danna ta da yatsa a tsakiya ta ɗan motsa kaɗan. In ta yi tauri tana cin boris, in ta yi sako-sako tana tsallake haƙori lokacin da aka juya baya da sauri. Batir a ƙasa can, a tsakiya.

Injiniya: Da na masu taya shida, in takardar ta kawo shi. Tayoyin tsakiya ana saukar da su milimita 2 zuwa 3 ƙasa da sauran, don na'urar ta riƙa juyawa a kan taya huɗu. In shida suka danne daidai, sai ta riƙa gurzar katifar filin tana tsalle wajen kwana. Sannan lokacin hunturu iska ta bushe, gogar taya da katifar roba na tara lantarki a jiki, taɓa ƙarfe ɗaya sai akwatin sarrafawa ya katse. Akwai wayar da aka amince da ita ta haɗa shi da shasi, a sa ta. A kuma riƙa share ƙura daga rola, wadda ta cije ta zama birki.

Na janye "jerin tuƙi" in ana ganin tuƙi zai kai hankali ga mai riƙe da rimot. Me za a ce da "sashen tafiya"? Zai zauna da 'yan'uwansa: sashen ɗauka, sashen ɗagawa, sashen wuta.

Ɗan Maraɗi: Wannan ya yi. Ba ya buƙatar fassara a nan ko a can.

Mai Kishin Harshe: Wannan bayani ne, ba suna ba. Kalma biyu inda ɗaya ta isa. Amma dai Hausa ce, ta fi jirgin tuƙi.

Ɗalibar Injiniyanci: Baba, ga wata shawara. Matsalar mota da moto har yanzu tana nan, inji kuma yara na ɗauka mai shan fetur ne. Majuyi ya dace da wannan abin sosai: abu ɗaya ne, aikinsa juyawa. Majuyai huɗu na sashen tafiya.

Mai Kishin Harshe: Ba don shi na gina ta ba.

Bakanike: Ni dai a shago inji za a ce.

Malamar Fasaha: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda jimlar ta koma: "Idan shasi ya murɗe, sashen tafiya ba zai kai na'ura a miƙe ba, ko da umarnin kwamfuta daidai ne." A shafin farko zan bayyana shasi da cewa shi ne ƙwarangwal ɗin na'urar, amma marar gaɓa. Gwajin takarda da lissafin fis sun shiga shafi na 7. Na bar "injin lantarki" a wannan bugun, zan rubuta majuyi a allo ranar Asabar in ga wadda bakin yaran zai kama. Mutum-mutumi ko saƙago ban taɓa ba, lokaci ya ƙure.

Mai Kishin Harshe: In za ki rubuta shi a allo, jam'in majuyai ne, kada wani ya ce majuyoyi. Shasi kuwa ban yarda ba, na dai yi shiru ne saboda Alhamis.