Kafin ka jona solarka da layin kamfanin wuta

Abin da masu aikin wuta suka fi nanatawa a wata tattaunawa da suka yi kan haɗa sola da wutar kamfani shi ne, kada ka jona sola da layi sai kamfanin rarraba wutar yankinka, kamar KEDCO a Kano, Jigawa da Katsina, ya amince a rubuce. Takardar neman izinin ta nuna ƙarfin inbata (na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida), zanen wayoyi da lambar mita, sannan jami'an NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wutar lantarki, su duba aikin.

A kan inbata aka fi daɗewa. Dole ta katse kanta da zarar an ɗauke wuta, in ba haka ba sai ta tura wuta cikin layin da ma'aikaci ya hau fol yana gyarawa, shi kuwa yana zaton babu komai a ciki. Janareton fetur kuwa a sa masa makunnin canja layi, kada ya taɓa haɗuwa da wutar kamfani.

Mita ma akwai tarko. Wasu mitocin kati suna lissafa wutar da ka mayar cikin layin kamfani tamkar ka sha ta, kuɗinka ya tafi a banza, don haka a nemi mai lissafin shiga da fita. Mai samar wa kansa wutar da ta fi megawat 1 kuma, sai da izinin hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, wato NERC ta ƙasa, ko ta jiha inda jihar ta karɓi wannan iko.